Dillancin gine-ginen kasuwanci: tambayoyin da masu son shiga sana'ar ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu sha'awar dillancin ofisoshi, shaguna, rumbunan ajiya da filayen masana'antu. Wasu amsoshin gajeru ne, don babu abin ja a cikinsu. Wasu kuwa an ɗan zauna a kansu, musamman na lissafi da na la'ada, domin nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Alƙaluman da ke cikin misalan na kwatance ne kawai, kowa ya ɗora su a kan kuɗin ƙasar da yake.

Me ya bambanta wannan dillanci da na gidajen zama?

Mai neman gidan zama da ido da zuciya yake zuwa. Ya ga falo ya yi masa, iyali sun yaba da unguwa, makarantar yara ba nisa, shi ke nan ciniki ya kama hanya. Mai sayen ginin kasuwanci kuwa da alƙalami da takarda yake zuwa, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Akwai akanta, akwai lauya, akwai banki, wani lokaci har da kwamitin daraktoci da ba ya zama sai bayan wata uku. Abin da yake saya shi ne kuɗin hayar da ginin zai riƙa zubo masa shekara bayan shekara, bulo da siminti mazubi ne kawai. Shi ma kamfanin da ke neman haya, abin da ya dame shi shi ne ko wurin zai ƙara masa ciniki ko ya rage masa ɗawainiya.

Daga nan sauran bambancin ya samo asali. Ciniki ɗaya kan ci wata shida ko shekara kafin a sa hannu. Hayar ofis ko rumbun ajiya kan kai shekara 5, 10, har fiye. Cinikin kaɗan ne a shekara, amma kowanne da nauyinsa. Sannan mutanen da ake hulɗa da su ba su da yawa, kuma sun san juna. Ka ɓata da mutum ɗaya da safe, kafin yamma goma sun ji.

Waɗanne irin kadarori ake nufi, kuma dole ne in zaɓi ɗaya?

Manyan rukunan su ne ofisoshi, shaguna da rukunin kantuna, rumbunan ajiya da masana'antu, otal-otal, manyan gidajen haya masu sassa da yawa, sai kuma filin da ba a gina ba. A Amurka, alal misali, gini mai sassan haya biyar zuwa sama bankuna na ɗaukarsa kadarar kasuwanci ne, ko da mutane ne ke kwana a ciki.

Doka ba ta ce ka zaɓi ɗaya ba, amma taura biyu ba ta taunuwa. Kowane rukuni da yarensa. Mai neman rumbun ajiya zai tambaye ka tsayin rufi daga daɓe, nauyin da daɓen zai ɗauka, yawan ƙofofin lodi, ko babbar mota za ta iya juyawa a harabar, da ƙarfin wutar lantarki. Mai shago ba ruwansa da wannan, shi yawan ƙafar da ke wucewa yake so ya ji, da wurin ajiye mota, da ko wane ne maƙwabcinsa. Mai ofis kuma lifta da sanyi da hanyar zuwan ma'aikata. Wanda ya ce duk ya iya, da an yi masa tambaya ta uku asirinsa zai tonu. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya ɗauki rukuni ɗaya a yanki ɗaya, ƙarami yadda zai iya zagaye shi da ƙafa, ya san shi ciki da bai kafin ya faɗaɗa.

Sai na yi digiri? Lasisi fa?

Digiri a fannin kula da kadarori, tattalin arziki, akanta ko shari'a yana rage wa mutum wahala, amma an ga ƙwararru da suka fito daga tallan kaya, aikin banki, har da aikin gini. Abin da ba a yi masa kwana shi ne doka, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka kowace jiha da lasisinta da jarrabawarta, kuma sabon shiga a ƙarƙashin babban dillali mai cikakken lasisi yake aiki. A Dubai sai an yi rajista da RERA, hukumar da ke kula da harkar kadarori a can. A Ingila babu lasisi irin na Amurka, amma manyan kamfanoni na fifita wanda ya zama mamban RICS, ƙungiyar safiyoyi da aka kafa a Landan a 1868, wadda shaidarta ke da kima a ƙasashe da yawa. Akwai kuma shaidun ƙwarewa irin su CCIM ga masu harkar zuba jari, da SIOR ga masu ofisoshi da masana'antu, waɗanda sai mutum ya tara ciniki a hannu ake ba shi.

Kafin ka buga kati mai ɗauke da sunanka, je wurin hukumar da ke kula da sana'ar a inda kake ka tambaya. A wurare da yawa wanda ba shi da lasisi ba zai iya neman la'adarsa a kotu ba ko da shi ya haɗa cinikin.

In fara da babban kamfani, ko ƙarami, ko in buɗe nawa?

Manyan kamfanonin duniya sanannu ne: CBRE, wanda tushensa ya faro a San Faransisko a 1906 bayan girgizar ƙasar da ta rusa birnin, da JLL, da Cushman & Wakefield da aka kafa a New York a 1917, da Colliers, da Savills da Knight Frank na Landan. A irin waɗannan za ka samu horo, sashen bincike, da suna mai buɗe ƙofa. Amma za ka iya shafe shekara biyu kana haɗa wa wani takardu ba ka taɓa zama a teburin ciniki ba. A ƙaramin kamfani tun watan farko za a jefa ka ruwa, ka ga ciniki daga tayi har sallamawa, sai dai babu mai tsayawa ya koya maka komai dalla-dalla.

A ganina sunan kamfani bai kai mutumin da za ka zauna a ƙarƙashinsa muhimmanci ba. Nemi ubangidan da ke da ciniki a hannu, wanda zai tafi da kai taro ya bar ka ka saurara, kuma ya faɗa maka rabonka tun kafin a fara aiki. Tambayi yaran da suka bar shi, su suka fi kowa sanin halinsa. Buɗe naka kuwa a rana ta farko, ba ka da suna ba ka da bayanai, ganganci ne.

Yaya ake biyan dillali, kuma yaushe zan fara ganin kuɗi?

La'ada ce, wato kamasho. A sayarwa kaso ne na farashin, kuma yawanci kason na raguwa idan farashin ya yi tsauri. A haya kuwa ko dai kaso ne na jimillar hayar dukkan shekarun yarjejeniya, ko kaso na hayar shekarar farko, ya danganta da al'adar kasuwar. Babu wani kaso da aka saukar daga sama, abin daidaitawa ne, shi ya sa ake rubuta shi.

Inda sababbi ke ruɗuwa shi ne rabo. Mu ƙaddara an sayar da gini miliyan 100, an yi da kai a kan kashi 3 cikin ɗari, miliyan 3 ke nan. Mai saye ya zo da nasa dillalin, aka raba biyu, saura miliyan ɗaya da rabi. Kamfaninka ya ɗauki rabi, saura dubu 750. In kuma da ubangidanka kuka yi aikin, a nan ma sai an sake yankawa. Ba a cire haraji ba, ba a cire kuɗin mota da waya da talla ba. Idan cinikin ya ci wata tara, raba abin da ya rage gida tara ka ga albashinka na gaskiya. A haya ma akwai wani jinkirin: a kasuwanni da yawa ana biyan rabi lokacin sa hannu, rabi sai ɗan haya ya tare ko ya fara biya.

Saboda haka wanda zai shiga kan la'ada zalla ya tanadi abin da zai riƙe shi shekara guda a ƙalla. Wasu kamfanoni kan ba sabon shiga ɗan albashi, wasu kuma su ba shi kafin alƙalami duk wata, wanda za a cire daga la'adarsa ta gaba. Ka karanta da kyau, na biyun bashi ne. Yawancin waɗanda suka bar sana'ar nan ba rashin iyawa ya kore su ba, guzuri ne ya ƙare kafin cinikin farko ya nuna. Kuma dillalin da yunwa ke ci a gane shi ba wuya, yana matsa wa mutum ya sa hannu, mai kuɗi kuwa da ya ji matsi sai ya ja baya.

Ba na son lissafi. Zan iya?

Lissafin bai wuce tarawa da ɗebewa da rabawa ba, amma ba makawa sai ka iya shi kamar sunanka. Abu biyu ne tushe.

Na farko, tataccen kuɗin shiga. Ka tara duk abin da ginin ke kawowa a shekara, ka cire abin da ake asara saboda sassan da babu kowa da waɗanda ba su biya ba, ka cire kuɗin gudanarwa: harajin kadara, inshora, gyare-gyare, tsaro, shara, ladan manaja. Ba a cire biyan bashin banki a nan, domin bashi na mai ginin ne, wani mai sayen zai iya zuwa da tsabar kuɗinsa. Gini ya kawo miliyan 12, ɗawainiya ta ci miliyan 4, tatacce miliyan 8.

Na biyu, ma'aunin amfani, wanda 'yan sana'a ke kira kaf-ret. Ka raba tataccen kuɗin da farashi. Miliyan 8 a kan miliyan 100, kashi 8 cikin ɗari. Juya shi kuma sai ya ba ka farashi: idan masu saye a kasuwar suna neman kashi 10, ginin nan dai, bai canza fenti ba, ya koma miliyan 80. Wannan shi ne abin da ya sa tashin kuɗin ruwa ke kada darajar gine-gine. Idan mai jari zai samu amfani mai kauri a takardun lamunin gwamnati yana kwance, ba zai karɓi ƙaramin kaso a gini mai ɗawainiya ba.

Ga wani ɓangaren da ke sa masu gini su ɗauke ka da muhimmanci. A kashi 8, duk miliyan ɗaya da aka ƙara wa tataccen kuɗin shiga ya ƙara wa ginin daraja ta miliyan 12 da rabi. Dillalin da ya nuna wa mai gini cewa cike sashe ɗaya da ke rufe, ko sabunta yarjejeniyar babban ɗan haya kafin a fita kasuwa, zai ɗaga masa farashi haka, ya tashi daga mai nuna gini ya koma mai ba da shawara. Bayan wannan sai ka koyi hasashen kuɗin shiga na shekaru masu zuwa a Excel, in kana manyan cinikayya kuma Argus, manhajar kimanta gine-ginen kasuwanci.

Abu ɗaya: kada ka taɓa yarda da alƙaluman mai sayarwa sai ka ga takardu. Kusan kowane mai gini lissafinsa na shekarar da babu ɗigon ruwa a rufi ne.

Me ya kamata in sani game da yarjejeniyar haya?

Komai. Darajar ginin kasuwanci a cikin takardun hayarsa take kwance, kuma abin mamaki ne yawan dillalan da ba su taɓa karanta guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Fara da tambayar wa ke ɗaukar ɗawainiya. Akwai hayar dunƙule, inda ɗan haya ke biyan adadi ɗaya, mai gini ya ji da sauran. Akwai haya mai nauyi uku, inda ɗan haya ke biyan harajin kadara da inshora da gyara a kan kuɗin hayar. Tsakaninsu akwai gauraye iri-iri. A rukunin kantuna kuma akan samu wadda mai gini ke karɓar wani kaso na cinikin shago idan ya haura wani adadi. Farashi biyu da suka yi kama a talla suna iya yin nisa kamar sama da ƙasa idan aka duba wannan.

Sai awo. Wurin da ɗan haya zai shimfiɗa teburansa daban, wurin da zai biya wa haya daban, domin akan ɗora masa rabonsa na baranda da matakala da harabar shiga. Ofis mai murabba'in mita 1,000 da aka ɗora wa kashi 15, hayar 1,150 za a biya. Ka kuma lura da ma'aunin da ake magana da shi, murabba'in mita ɗaya ya kai kusan murabba'in ƙafa 10.76.

Sai rangwame. Mai gini ba ya son rage farashin da ke rubuce, don shi ne ke riƙe darajar gininsa, ya fi son ya ba da watanni kyauta ko kuɗin gyaran ciki. Yarjejeniyar shekara 5 wata 60 ce. Idan an ba da wata 6 kyauta, wata 54 za a biya, ragin kashi 10 ke nan da ba ya bayyana a farashin da ake faɗa a gari. Wanda bai san rangwamen da aka yi a cinikin maƙwabta ba bai san farashin kasuwa ba.

Ragowar su ne ƙarin haya na shekara-shekara, damar sabuntawa, damar ficewa kafin wa'adi, izinin sa wani a wurin, sharaɗin hana kawo mai irin sana'ar ɗan haya cikin ginin, da yanayin da za a mayar da wurin ranar tashi. Kai ba lauya ba ne, kada ka rubuta yarjejeniya da kanka. Naka shi ne ka daidaita manyan sharuɗɗa a takardar bayyana niyya, sannan lauyoyi su gina a kanta.

Ban san kowa ba. Ina zan samu abokan ciniki?

Da ƙafa da waya. Shiga yankin da ka zaɓa gini bayan gini ka buɗe kundi: wa ke da shi, yaushe ya saya, su wa ke ciki, girman kowane sashe, yaushe hayarsu za ta ƙare. Wannan na ƙarshe shi ne zinariyar. Kamfanin da hayarsa za ta ƙare nan da wata 18 dole ya yanke shawara, ko ya zauna ko ya tashi, kuma ko wanne ya zaɓa akwai aikin dillali. Babban kamfani kan fara tunanin tun saura shekara biyu. Wanda ya kira shi saura wata biyu ya tarar an gama.

Kiran mutumin da bai san ka ba akwai nauyi, kuma mafi yawa za su sallame ka. Abin da ke raba mai tsira da mai faɗuwa shi ne abin da ya riƙo a hannu. "Ko kuna da abin sayarwa?" kowa na faɗi, ba mai saurara. Amma ka ce wa mai gini an ba da hayar bene biyu a ginin da ke kallon nasa, kuma ka san sharuɗɗan, sai ka ji ya gyara zama. Bayani ake kai wa mutum, shi kuma wata rana ya biya da aiki.

Kada ka raina mutanen gefe. Lauyoyin kadarori, akantoci, ma'aikatan banki masu ba da lamuni, manajojin gini, 'yan kwangilar gyaran ofis, har mai gadi, duk suna jin motsi kafin ya fito fili. Mai gadi ne zai gaya maka kamfanin hawa na uku sun rage ma'aikata, motocinsu sun yi kaɗan a haraba. Sauran dillalai ma abokan gasa ne da safe, abokan ciniki da yamma, domin a cinikayya da yawa wani dillalin ne ke riƙe da ɗaya ɓangaren.

Kada kuma ka raina ƙaramin ciniki. Mai neman ɗaki biyu yau shi ne mai neman hawa guda bayan shekara biyar, kuma yakan tuna wanda ya ɗauki wayarsa lokacin da ba kowa ba ne shi.

Zan iya wakiltar mai gini da mai haya a ciniki ɗaya?

A wasu wurare doka ta yarda idan ɓangarorin biyu sun sani kuma sun amince a rubuce, a wasu ta hana. Ko inda aka yarda, ka yi tunani. Ɗaya ya gaya maka ƙarshen abin da zai karɓa, ɗaya ya gaya maka ƙarshen abin da zai biya, kai wa za ka yi wa ciniki? La'ada biyu na da daɗi, amma duk wanda ya ji daga baya an cuce shi ba zai dawo ba. Abin da babu ja a kai shi ne ɓoyewa: karɓar kuɗi daga ɓangaren da kake ciniki da shi ba da sanin wanda kake wakilta ba cin amana ne, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne.

Idan aka zagaye ni aka ƙulla ciniki a bayana fa?

Zai faru, sau ɗaya a ƙalla, kuma yawanci da mutumin da ya ce maka "mu ai ba ma buƙatar takarda". Maganinsa tun farko ne. Ka samu yarjejeniyar wakilci a rubuce kafin ka kai kowa ko'ina: kadarar da ake magana, wa'adi, kason la'ada, wa zai biya, da ranar biya. Wakilcin kai kaɗai ya fi, domin ginin da aka ba dillalai bakwai babu mai kashe masa kuɗin talla, kuma masu saye na ganinsa ko'ina da farashi daban-daban su ɗauka akwai matsala. Ka sa sharaɗin cewa idan wanda ka gabatar ya saya cikin wasu watanni bayan ƙarewar wa'adi, la'adarka na nan. Sannan duk wanda ka kai ganin wuri ka aika sunansa ga mai ginin a rubuce a ranar.

Me ke rushe ciniki bayan an yi nisa?

Yawanci abin da ya fito lokacin binciken ƙwaƙwaf. Takardar mallaka da matsala, ko an jinginar da ginin ba a faɗa ba, ko magada ba su daidaita ba. Dokar tsara gari ba ta yarda da sana'ar da mai saye ke son yi a wurin ba. Injiniya ya gano rufi ko ginshiƙi na neman kuɗi mai yawa. Filin da aka taɓa yin gidan mai ko masana'anta ya gurɓata a ƙasa. Jadawalin 'yan haya ya ce ana biyan kaza, takardun banki sun ce ba haka ba. Ko mai kimanta kadara ya ba da adadi ƙasa da farashin, banki ya rage lamuni, mai saye ya kasa cike giɓin.

Mafi yawan waɗannan dillali zai iya gano su kafin ya fita kasuwa, in ya tambaya. Aibin da ka faɗa da bakinka a farko abin daidaita farashi ne. Wanda mai saye ya tono da kansa a wata na huɗu kuwa yakan tafi da cinikin gaba ɗaya, don daga nan komai ka faɗa sai an yi shakka. Haka ma wajen zaɓen tayi, mafi tsoka ba lalle shi ne mafi kyau ba. Mai tayin da kuɗinsa ke hannu ya fi mai babban tayin da ke jiran banki uku, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma batun sanin abokin ciniki. Gine-gine na daga cikin hanyoyin da ake wanke kuɗin haram, shi ya sa ƙa'idojin FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da wanke kuɗin haram, suka sa dillalan kadarori cikin waɗanda za su tantance wanda suke hulɗa da shi. Mai sayen da ya ƙi faɗar ainihin mai kamfanin, ko yake gaggawar biya ba ya ko taya farashi, ka tsaya ka duba.

Idan kasuwa ta faɗi ina zan sa kaina?

Za ta faɗi, ta kuma tashi, sana'ar haka take. Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumban 2008 lamuni ya ƙafe, saye da sayarwa suka tsaya cik a manyan kasuwanni. A 2020 annobar korona ta mayar da ma'aikata gida, ofisoshi suka yi fayau, amma a daidai lokacin sayayya ta intanet ta sa rumbunan ajiya suka yi tsada. Daga 2022 zuwa 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5, masu saye da masu sayarwa suka kasa haɗuwa a farashi. A Nuwamban 2023 kamfanin WeWork, wanda ya kama hayar ofisoshi na dogon wa'adi yana ba da su na gajere, ya nemi kariyar fatara.

Abin lura shi ne ba a cika samun komai ya mutu lokaci ɗaya ba. Sayarwa ta tsaya, haya na tafiya, domin wa'adi na ƙarewa ko kasuwa na da lafiya ko ba ta da shi. Kamfanonin da ke rage girma na neman wanda zai karɓi ragowar wurinsu. Bankunan da suka karɓe kadarori na neman mai sayar musu. Wanda ya iya haya da sayarwa duka, ya kuma ajiye wani abu daga shekarar ƙoshi, yakan fito daga fari da abokan ciniki fiye da yadda ya shiga, saboda masu gasa da shi sun ragu.

Intanet ba za ta kashe sana'ar ba?

Ta kashe dillalin da jarinsa kawai shi ne ya san inda akwai wurin haya. Kamfanoni masu shafukan bayanan kadarori irin su CoStar da LoopNet sun zuba wannan a allon kowa. Abin da bai hau allo ba shi ne rangwamen da aka yi a ɓoye, mai ginin da bashi ya matsa wa, da kamfanin da ke shirin tashi bai sanar ba. Yi amfani da manhajoji wajen adana kundinka da tuna maka wanda za ka kira, amma ka je ka ga gini da idonka, hoto ba ya nuna warin danshi.

Mace za ta iya wannan aiki?

Ƙwarai. Maza sun fi yawa a fagen har yanzu, amma mata na riƙe da manyan muƙamai a cikinsa, kuma a Amurka akwai ƙungiyar CREW ta mata masu wannan harka. Shawarar tsaro ɗaya ce ga kowa: kada a je nuna ginin da babu kowa ga baƙon da ba a tantance ba, kuma a bar wa wani labarin inda aka tafi.

Zan iya haɗa shi da wani aiki?

Da wuya. Masu gini da manajojin kamfani a lokacin aiki ake samunsu, daidai lokacin da kai ma kake wurin naka aikin. Abin da za ka iya yi a gefe shi ne karatun lasisi da fara tara kundin yankinka, kafin ka ajiye wancan.

Idan na ga kadara mai araha a hannuna, zan iya saye da kaina?

Dillalai da yawa ta nan suka tara dukiya, domin la'ada na tsayawa ranar da ka daina aiki, haya kuwa ba ta tsayawa. Amma kadarar da aka ba ka amanar sayarwa daban take. Kai ne ka ba mai ita shawarar farashi, don haka in ka juyo ka zama mai saye, ko ka sa ɗan'uwanka ko kamfaninka a gaba, dole ka bayyana masa a rubuce, ka ba shi damar kawo mai kimantawa na kansa, kuma kamfanin da kake wa aiki ya sani. Wasu kamfanonin ma sun hana ma'aikatansu gaba ɗaya, sai ka duba takardar ɗaukarka aiki kafin ka yi tayi.